Ƙasar Wa Ce? Tarihin Zangon Lome Tsakanin Asali, Zama da Takarda

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1977 gwamnatin Togo ta rushe tsohon Zangon Lome, unguwar Hausawa da sauran Musulmi 'yan kasuwa da ke cikin babban birnin ƙasar, ta mayar da mazaunanta wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 arewa da gari. Waɗanda aka tasa ba baƙin jiya ba ne. Kakanninsu na cikin mutanen da suka ga tasowar Lome tun tana 'yar kasuwa a bakin teku, kafin ta zama fadar mulki. Sai dai ranar da aka zo tambayar wanda ya mallaki ƙasar da suke kai, daɗewar zama ba ta tsinana musu komai ba.

Wannan maƙala za ta bi diddigin al'amarin: yadda Hausawa suka isa gaɓar Togo, da waɗanda suka iske a wurin, da irin hujjar da kowane ɓangare ke riƙe da ita a kan ƙasa. Daga nan za a waiwayi wasu wurare, ciki har da rikicin Isra'ilawa da Falasɗinawa, inda irin waɗannan hujjoji suka yi karo da juna. Ɗalibin Hausa zai tarar da riba biyu a ciki. Ta farko ita ce sanin tarihin 'yan'uwa mazauna Kurmi. Ta biyu ita ce ganin yadda kalmomin da muke furtawa kullum, irin su zango da baƙo da aro, ke ɗauke da hukunci a cikinsu.

2.0 Kalmar Zango

A asalin Hausa, zango shi ne wurin da ayari ke sauka ya huta, a sauke kaya, a shayar da dabbobi, a kwana, gobe a ci gaba. Daga nan ne muka sami "ya da zango". Ana kuma kiran tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki da zango, shi ya sa a yau muke cewa zangon karatu ko zangon mulki. Duk waɗannan ma'anoni abu ɗaya ya haɗa su: zango yana da farko yana da ƙarshe, kuma wanda ya sauka a cikinsa ana sa ran zai tashi.

Fataken goro ne suka kai kalmar kudu. Ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja, ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki, yakan yi watanni a hanya, yana sauka a bayan garuruwan da ba nasa ba, bisa iznin sarakunansu. A hankali wasu fatake suka daina komawa. Suka yi aure, suka gina masallaci, suka zama masu masaukin waɗanda ke zuwa daga baya. Masauki ya zama unguwa, amma sunan bai sauya ba. A Gana da Togo da Binin ana furta shi da "zongo", kuma da wuya a sami babban gari a waɗannan ƙasashe da ba shi da nasa. Ke nan unguwar da ta shekara ɗari tana amsa sunan da ke nufin kwana ɗaya. Wannan saɓani tsakanin suna da haƙiƙa shi ne tushen labarin da ke tafe.

3.0 Daga Salaga Zuwa Bakin Teku

A ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, kuma tana ƙarƙashin ikon Asante, waɗanda Hausawan da ke kira Tonawa. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, goron da ke zuwa mata daga kurmi ya ragu. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarautar yankin, 'yan kasuwa suka watse. Da yawansu suka gangara Kete-Karachi a bakin kogin Bolta, inda Jamusawa suka kafa tasha a 1894. Cikin waɗanda suka yi wannan ƙaura har da shahararren malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Shi ne ya yi aiki da jami'in Jamus Adam Mischlich, mai ƙamusun Hausa da Jamusanci na 1906. Wannan ya nuna irin matsayin da harshen Hausa ke da shi a Togo ta zamanin Jamus.

A daidai wannan lokaci wata sabuwar kasuwa na tasowa a bakin teku. A 1879 Turawan Ingila suka faɗaɗa iyakar mulkinsu na Gwalkwas zuwa Denu da Aflawo, suka ɗora kuɗin fito mai tsanani a kan kayan da ake saukewa, musamman barasa da taba. Sai 'yan kasuwa suka matsa gabas kaɗan, suka tsallake sabuwar iyakar, suka kafa rumfunansu a rairayin da ke kusa da ƙauyukan Be da Amutibe. Wajen 1880 ke nan, kuma daga nan Lome ta zamani ta samo asali. Masanin tarihin birnin, Yves Marguerat, ya bayyana cewa 'yan kasuwar Afirka ne suka kafa garin tun kafin Turawan mulki su zo: mutanen Anlo daga wajen Keta, da mutanen Mina daga wajen Aneho, da zuriyar waɗanda suka dawo daga Barazil. Hausawa ma ba su yi jinkiri ba, domin hanyar da ta taso daga Salaga ta sami sabuwar mafita zuwa teku. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare suna da masaukinsu a garin.

Ranar 5 ga Yuli 1884 wakilin Jamus Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar kariya a Bagida, gabas da Lome, da sunan Sarki Mlapa na Togo. Rundunar 'yan sandan da Jamusawa suka kafa a 1885 ma Hausawa ne suka fi yawa a cikinta da farko. A 1897 aka mayar da fadar mulki Lome, a 1904 aka buɗe gadar saukar kaya daga jiragen ruwa, sannan aka shimfiɗa layin dogo zuwa Aneho da Palime da Atakpame. Ƙasar da a da rairayi ce da ciyayi ta fara yin daraja, kuma duk inda ƙasa ta yi daraja, tambayar mai ita ba ta daɗewa ba ta taso ba.

4.0 Hujjoji Uku a Kan Ƙasa Ɗaya

4.1 Hujjar Asali

Masu ƙasa na farko mutanen Ewe ne. Tarihin baka ya ce wani mafarauci mai suna Dzitri ne ya fara sauka a wurin, cikin wasu bishiyoyi da ake kira alo, kuma daga nan aka sami sunan garin. A al'adar Ewe ƙasa ta zuriya ce, ta haɗa magabata da masu rai da waɗanda ba a haifa ba. Har yau kurmin tsafi na Be yana nan a tsakiyar birni, shaida ce ta wannan dangantaka. Baƙo in ya zo yakan gai da dattawa da abin gaisuwa, a nuna masa inda zai zauna. A idon mai bayarwa, abin da ya bayar iznin zama ne. Tushen ƙasar yana nan a hannun zuriya, ko da baƙon ya haifi jikoki a kanta.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin haka abin yake a gida. A ƙasar Hausa an bambanta gado da saye da kyauta da aro da jingina da haya, kuma kowa ya san gonar aro ba ta zama ta gado don an daɗe ana nomanta. Karin magana ma ya faɗa: zanen aro ba ya rufe katara.

4.2 Hujjar Zama

Hujjar mutanen Zongo ita ce rayuwar da suka gina. Sun iske fili, sun mayar da shi unguwa mai masallatai da makarantun allo da sarki da limami. Nan aka haife su, nan aka binne iyayensu. Ba Hausawa kaɗai ba ne a ciki. Akwai Zabarmawa da Fulani da Barebari da Yarabawa da Kotokoli na tsakiyar Togo, kuma Musulunci da kasuwanci da harshen Hausa ne suka ɗinke su. Yawansu ya ƙaru bayan Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta Gana ta kori baƙi marasa takardu, dubban mutane suka ratsa ta iyakar Aflawo wadda ke manne da Lome, wasu suka tsaya.

Masanin zamantakewa Michel Agier ya yi nazarin wannan unguwa a ƙarshen shekarun 1970, ya wallafa littafinsa a kanta a 1983. Ginshiƙin tsarin da ya bayyana shi ne maigida. Maigida yakan sauki falken da ya kawo shanu ko goro daga arewa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kaya bashi, a ƙarshe ya sami la'adarsa. Yaran gida suna yi masa hidima, shi kuma yana ɗauke da nauyin aurensu da jarinsu. Irin wannan tsari ne Abner Cohen ya tarar a Sabo ta Badun a littafinsa na 1969. Abin lura a nan shi ne, gidan maigida shi ne jarinsa. Ɗakunan baƙi da zaure da kusanci da kasuwa su ne sana'ar. Wanda ya rushe gidan ya rushe amanar da aka yi shekaru ana ginawa tsakanin mai kawo kaya da mai saye.

Amma hujjar zama tana da rauni ko a shari'ar da mutanen Zongo ke bi. A fiƙihun Malikiyya akwai hukuncin hauzi: wanda ya riƙe fili shekara goma yana amfani da shi kamar nasa, mai da'awa yana nan yana gani bai yi magana ba, kuma ba dangi ba ne, to da'awar ta faɗi. Sai dai malamai sun gindaya sharaɗi, cewa hauzi ba ya aiki idan an san asalin riƙon aro ne ko haya ko jingina. Wanda ya shiga da izni, izni ne ke riƙe da shi komai daɗewa. Ke nan al'adar Ewe da fiƙihun Musulunci sun haɗu a wuri guda, kuma haɗuwar ba ta yi wa mazaunin zango daɗi ba.

4.3 Hujjar Takarda

Hujja ta uku Turawa ne suka kawo ta, ita ce ta rinjayi sauran biyun. Jamusawa sun auna filayen Lome, sun yanka tituna, sun buɗe kundin rajistar ƙasa. A Agusta 1914 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Togo. Lome ta zauna a hannun Ingila har 1920, sannan ta koma hannun Faransa. A Disamba 1922 Faransa ta shimfiɗa wa Togo dokar rajistar filaye ta 24 ga Yuli 1906, wadda ke aiki a sauran ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma. A ƙarƙashin wannan doka, wanda ya nemi a yi wa filinsa rajista, aka yi shela, wa'adin ƙorafi ya wuce ba wanda ya ja, yakan sami takardar mallaka da ba a sake tayar da ita. Takardar ba ta tambayar wanda ya fara zuwa, ba ta kuma tambayar wanda ke kwana a wurin.

Waɗanda suka fahimci wannan da wuri su ne suka ci riba. Manyan 'yan kasuwar gaɓa masu ilimin boko, irin su Octaviano Olympio, sun mallaki filaye masu faɗi, sun dasa kwakwa, daga baya zuriyarsu suka yanka su fuloti-fuloti suka sayar. Shi ya sa Lome ta bambanta da manyan biranen da Faransa ta mulka: mafi yawan ƙasarta a hannun ɗaiɗaikun mutane da iyalai take, kuma babban burin ɗan Lome shi ne ya gina gidan kansa a kan filin kansa. Zongo bai shiga wannan tsari ba. Zamansa ya dogara ne da izni da haƙurin hukuma. Tun zamanin mulkin mallaka, in gari ya faɗaɗa sai a matsar da shi zuwa sabon gefe, shekaru su wuce, gari ya sake cim masa.

Me ya sa 'yan kasuwa masu wayon ciniki suka yi sakaci da takarda? Akwai dalilai da za a iya fahimta. Falke yana ganin dukiya a cikin kaya da dabbobi da jama'a, abin da ke motsi. Rajista kuwa aiki ne na ofis da Faransanci da kuɗin awo, ga mutanen da karatunsu na Larabci da ajami ne. Sannan hukumar mulkin mallaka ita kanta ta fi son ta riƙe baƙi a unguwa guda ƙarƙashin sarki guda, wanda zai tara haraji ya kuma amsa tambaya in an yi laifi. Zaman ya yi wa kowa daidai, har ranar da filin ya fi mazaunansa daraja a idon masu mulki.

5.0 Shekarar 1977

Togo ta sami 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu 1960, lokacin mazauna Lome ba su kai 100,000 ba. A ƙidayar 1981 sun haura 370,000. Unguwar da a da take gefe ta wayi gari a tsakiyar birni.

A gefe guda kuma siyasa ta sauya. Gnassingbé Eyadéma ya karɓi mulki a 1967. A 1968 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi. A 1974 gwamnati ta mayar da kamfanin haƙar fosfat mallakin ƙasa, a daidai lokacin da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, sai kuɗi suka shigo. A watan Fabrairu na shekarar ta fitar da dokar gyaran tsarin filaye, wadda ta ƙarfafa hannun hukuma a kan ƙasar da ba wanda ya tabbatar da mallakarta. A 28 ga Fabrairu 1975 aka sa hannu a Yarjejeniyar Lome tsakanin Tarayyar Tattalin Arzikin Turai da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. A Mayu na shekarar aka kafa ƙungiyar ECOWAS, wadda Eyadéma da Yakubu Gowon suka yi wa jagora, aka kuma ajiye asusunta a Lome. Gwamnati na son birnin ya zama matattarar taruka da bankuna, mai manyan otal-otal da dogayen benaye.

A cikin wannan hoto babu gurbin unguwa mai cunkoso, mai rufin kwano da lunguna da dabbobi. Hujjar da akan bayar a irin wannan hali sananniya ce: tsafta da tsari da maslahar jama'a. Faransanci yana da kalma ta musamman ga wannan aiki, wato déguerpissement, tashin mutane daga wurin da hukuma ke ganin ba su da haƙƙin zama. Kalmar da kanta ta riga ta yanke hukunci, domin ba a faɗinta ga mai takarda. Shi mai takarda in za a karɓi filinsa sai an bi matakan shari'a an biya shi diyyar ƙasa. A 1977 aka rushe Zongo, daga baya manyan gine-ginen bankuna suka tashi a yankin.

Adalci ya sa a faɗi cewa gwamnati ba ta watsar da mutanen a titi ba, ta ware musu wuri a arewa, a yankin Togblekope, kan babbar hanyar da ta nufi Sokode da Burkina Faso. Amma kilomita 15 a wancan zamani nisa ne mai yawa ga wanda abincinsa ke babbar kasuwa da tasha. Ba kowa ne ya tafi ba. Wasu sun watsu cikin unguwannin birni suna haya don kada su yi nesa da cinikinsu. Jama'ar da a da kiran salla ɗaya ke tara ta, ta rabu.

6.0 Sabon Zongo

Tarihi ya sake juyawa yadda ba a zata ba. Ƙidayar 2022 ta nuna Lome da kewayenta sun haura mutum miliyan 2, kuma mafi yawan faɗaɗar arewa ta yi, domin teku ya tare kudu, iyakar Gana ta tare yamma. Wurin da aka kai mutanen Zongo don a nesanta su da gari yanzu gari ne. Ana kiransa Agoe-Zongo, kuma yana kan hanyar da manyan motoci ke bi da kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali. A nan ne aka yi wa waɗannan motoci babbar tasha. Unguwar ta koma sana'arta ta asali, wato saukar matafiyan arewa, sai dai tirela ta maye gurbin jaki.

Wannan ba ya nufin an huta. Yankin yana kusa da kwarin kogin Ziyo, kuma ambaliya ta sha yi masa ɓarna, musamman a daminar 2008 da ta 2010. Sannan ita ma sabuwar ƙasar tana da masu ita na asali, iyalan Ewe da suka gaje ta. Da filaye suka yi tsada a kewayen Lome, sai rigingimu suka yawaita, mafi shahara a ciki shi ne sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko fiye: wani ɗan zuriya ya sayar, wani ya ce ba da yawunsa ba, ya sake sayarwa. Shari'o'in filaye sun cika kotunan Togo, abin da ya sa aka yi sabon kundin dokar ƙasa ranar 14 ga Yuni 2018 don sauƙaƙa rajista da toshe wannan kafa. Jikokin waɗanda aka tasa a 1977 sun san darajar takarda fiye da kakanninsu, amma samun ta har yanzu yana cin kuɗi da lokaci.

7.0 Waiwaye Zuwa Wasu Wurare

Rikicin Isra'ilawa da Falasɗinawa ya fi na Lome girma nesa ba kusa ba. Can ana maganar al'umma biyu masu neman ƙasa guda, da yaƙe-yaƙe, da wurare masu tsarki ga addinai uku, da rayukan da ba su ƙirguwa. A Lome ba wanda ya nemi kafa ƙasa, ba a kuma yi yaƙi ba. Duk da haka, wanda ya fahimci hujjoji ukun da aka zayyana a sama zai gane su a can.

A 1858 Daular Usmaniyya ta Turkawa ta yi dokar rajistar ƙasa. Manoma da yawa a Falasɗinu sun guje wa rajista don tsoron haraji da shiga soja, sai filaye masu faɗi suka shiga sunan attajirai mazauna birane. Iyalin Sursock na Beirut sun mallaki babban ɓangare na kwarin Marj Ibn Amir, kuma a farkon shekarun 1920 suka sayar wa ƙungiyoyin Yahudawa. Masu saye suna da takarda sahihiya, suna kuma ganin sun dawo ƙasar kakanninsu bayan tsangwamar da suka sha a Turai. Manoman da aka tasa kuwa suna da zaman da ya ratsa zuriya bayan zuriya. Asali da takarda a ɓangare guda, asali da zama a ɗaya ɓangaren.

Unguwar Sheikh Jarrah ta gabashin Ƙudus ta ƙara fito da abin fili. A 1956 gwamnatin Jodan da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu suka zaunar da iyalai 28 a wurin, cikin kimanin mutum 700,000 da yaƙin 1948 ya raba da gidajensu. Ba a kammala ba su takardun mallaka ba har Isra'ila ta kama yankin a 1967. Ƙungiyoyin Yahudawa suka fito da hujjar sayen da aka yi tun ƙarni na 19, kuma wata dokar Isra'ila ta 1970 ta ba da damar neman dukiyar da Yahudawa suka rasa a gabashin Ƙudus a 1948. Su kuwa Falasɗinawa, dokar 1950 kan dukiyar waɗanda ba sa nan ta toshe musu hanyar neman gidajen da suka bari a ɗaya ɓangaren. Darasin a nan shi ne, takarda ba ta magana da kanta. Mai iko ne ke zaɓar takardar da za a saurara.

Kada kuma mu ɗauka Bahaushe kullum shi ne baƙo. A Kano, wajen 1913, Turawa suka ware Sabon Gari a bayan ganuwa don mutanen kudu da sauran baƙi, kamar yadda aka yi a Zariya. Zuriyarsu sun shekara fiye da ɗari a wurin, amma har yau tambayar ɗan asali da baƙo na tasowa a kan makaranta da aikin gwamnati da sarauta. Abin da ɗan Zongo ke ƙorafi a kansa a Lome ko Ankara ko Kumasi, shi ne ɗan Sabon Gari ke ƙorafi a kansa a arewacin Nijeriya. Wanda ya ji zafin na farko ya wajaba ya saurari na biyu.

8.0 Kammalawa

An ga yadda faɗuwar Salaga da tasowar kasuwar bakin teku suka kai Hausawa Lome tun farkon kafuwarta, da yadda suka zauna bisa izni a ƙasar Ewe, da yadda dokar rajista ta Turawa ta zo ta fifita takarda a kan asali da zama. An kuma ga cewa rushewar 1977 ta biyo bayan haɗuwar abubuwa uku: bunƙasar birni, da kuɗin fosfat, da burin gwamnati na mayar da Lome cibiyar bankuna da taruka. Babu ɗaya daga cikin hujjoji ukun da ƙarya ce. Ɗan Be ya gaji ƙasar da gaske, ɗan Zongo ya raya ta da gaske, hukuma kuma tana da haƙƙin tsara birni. Inda gizo ke saƙa shi ne ba a auna su a ma'auni ɗaya, kuma mai rauni a cikinsu ne ke ɗaukar kayansa.

Akan ce baƙo raɓa ne. Tarihin Zongo ya tilasta mana tambayar ko shekara nawa raɓa za ta yi kafin a yarda ta zama ruwan gari. Ga ɗaliban Hausa akwai aiki a nan wanda lokaci ke ƙure masa. Waɗanda suke samari a 1977 yanzu dattawa ne, kuma a bakinsu sunayen lunguna da masallatai da masu gidajen tsohon Zongo suke, tare da irin Hausar da ake yi a can, wadda ta sha ruwan Ewe da Faransanci. Duk wanda ke neman batun kundin digiri a fannin tarihin baka ko karin harshe, to ga fage nan a buɗe, kuma ya kamata a shige shi tun masu labarin suna raye.